Kwanan Watan Da Nake Sauyawa A Shafin Surukina

Gwaggo mai wannan fili, ina gaisuwa. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ƙarshen watan nan, domin na yi wata ɓarna da hannuna, amma wani ake zagi a kanta, kuma wanin nan uban matata ne.

Bari in fara yi miki bayanin abin da muke yi, don idan na shiga labarin kai tsaye za ki ɗauka na zautu. Akwai wasu masu bincike a wata jami'a da ke neman maganin wasu cututtuka. Lissafin da binciken yake buƙata ya fi ƙarfin kwamfutocinsu, sai suka yanyanka shi ƙanana-ƙanana, suka roƙi jama'a su ara musu nasu. Mutum zai sa wata manhaja a kwamfutarsa. Duk lokacin da kwamfutar take zaune ba ta aikin komai, sai ta karɓi yanki ɗaya, ta lissafa, ta mayar musu da amsa, ta karɓi wani. Aikin sa kai ne zalla. Abin da kawai ake ba ka shi ne maki, makin da ba ya sayen ko ashana, amma ki zo ki ga manya masu furfura suna tayar da jijiyar wuya a kansa.

Mu masu jin Hausa muna da rukuninmu, mutum ɗari biyu da 'yan kai, a garuruwa daban-daban. Yawancinmu ba mu taɓa ganin juna ba, a wani zaure na waya muke haɗuwa. Wanda ya kafa rukunin shi ne surukina. Tsohon malamin lissafi ne, ya yi shekara talatin da biyar da alli a hannu. A zauren kowa Hedimasta yake ce masa, ko da yake bai taɓa riƙe makaranta ba. Ni kuwa Baba nake ce masa.

Shekara shida da suka wuce, bayan ya yi ritaya, Baba ya zauna ya rubuta shafukan taimako guda goma sha ɗaya da Hausa: yadda ake sa manhajar, yadda ake shiga rukuni, yadda ake hana kwamfuta yin zafi, abin da za a yi idan aiki ya tsaya, da sauransu. Gwaggo, rubutu ne mai kyau, ba don surukina ba ne nake faɗa. Kowane mataki da lambarsa, kowane hoto da jan zobe a kan inda za a danna, kuma a tsakiya sai ki ci karo da irin maganarsa ta aji, wai a karanta matakin har ƙarshe kafin a taɓa komai. Ni kaina da shafukan nan na koya. Ta dalilinsu na san shi, na je gidansa wata rana don in duba masa firinta, 'yarsa ta kawo mini ruwa. Yanzu 'ya'yanmu biyu da ita. Kin ga ke nan ba shafuka ba ne kawai a wurina.

A ƙasan kowane shafi Baba ya sa layi ɗaya: “An duba wannan shafi, an tabbatar yana daidai, a ranar kaza.” Dokarsa ita ce duk Asabar ɗin farko ta wata sai ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, yana gwadawa a kwamfutarsa, sannan ya sauya kwanan watan. Shekara huɗu bai taɓa fashi ba. Sai yanar ido ta fito masa, aka yi masa aiki, likita ya hana shi daɗewa a gaban allon kwamfuta. Ya kira ni ɗan ɗakinsa da ke bayan falo, inda tsohuwar kwamfutarsa take a kan tebur, mai fankar da ake jin ƙararta tun daga bakin ƙofa. Ya rubuta mini kalmar sirrin shafukan a bayan wani ambulan, ya ce daga yau dubawar wata-wata tana hannuna.

Wata biyu bayan haka masu binciken suka fito da sabuwar manhaja. Kusan komai ya sauya wuri. Abin da yake dama ya koma hagu, wasu madannan ma sun ɓace gaba ɗaya. Na ga aikin da ke gabana, na fara da shafi na uku. Na sauya hotuna biyu, na gyara jimla uku, na ji daɗin kaina.

Ranar Lahadi muka je gaishe shi kamar kullum. Muna zaune ana cin abinci, ga surukata, ga ƙannen matata biyu, ga matata, sai Baba ya fara magana yana kallon farantinsa. Ya ce wani ya shiga shafi na uku ya dagula masa lissafi. Ya ce ya gwada a kwamfutarsa, abin da aka rubuta bai yi daidai da abin da ke kan allo ba ko kaɗan, don haka ya mayar da shi yadda yake. Ya ƙara da cewa mutanen yanzu ba sa iya ganin abu zaune lafiya su ƙyale shi. Bai kira sunana ba, amma ni kaɗai ke da kalmar sirrin. Ƙannen matata suka sunkuyar da kai suna danne dariya.

Daga baya na gano dalili. Baba ya daɗe da hana kwamfutarsa sabunta komai da kanta, don ya ce ba ya son na'ura ta riƙa yanke shawara ba da saninsa ba. Saboda haka tsohuwar manhajar ce har yau a kanta, kuma masu binciken ba su daina tura wa tsohuwar aiki ba. Duk abin da ya rubuta daidai yake a ɗakinsa. A duk sauran duniya ne ba daidai ba. Na so in faɗa masa. Na shirya maganar a raina ya fi sau goma, a cikin mota, a wurin aiki, har a banɗaki. Amma da na zauna a gabansa sai in ɗauko wata maganar daban. Yaya zan dubi mutumin da ya ba ni 'yarsa, mutumin da bai daɗe da cire bandeji daga ido ba, in ce masa kwamfutarsa ce aka bari a baya?

To ga abin da na yi, kuma shi ne abin da ya sa na rubuto. Asabar ɗin farko ta watan da ya biyo baya, na buɗe shafukan goma sha ɗaya, ban taɓa ko wasali ɗaya ba, na sauya kwanan watan da ke ƙasa kawai. Na ce wa kaina na wannan watan ne, kafin in samu yadda zan yi masa magana. Ranar Lahadi ya tambaye ni ko na duba, na ce na duba. Ya gyaɗa kai, ya sa mini albarka. Wata na gaba na sake. Na ƙirga jiya, sau ashirin da biyu na yi haka.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne sana'ata. A ofishin ajiyar takardu nake aiki, kuma rabin yinina buga hatimin kwanan wata ne a kan fayil. Na taɓa yi wa wani abokin aikina wankin babban bargo a gaban kowa don ya buga wa takarda kwanan watan jiya alhali yau ta zo. Har laƙabi suka sa mini a kan haka. Ni ne kuma nake komawa gida in yi abin da ya fi nasa muni.

Kada ki ce ban yi wa mutane komai ba. Na buɗe wani rubutu a wayata inda na tara amsoshin gaskiya na sabuwar manhajar. Duk wanda ya yi tambaya a zaure, sai in bi shi ta bayan fage in tura masa amsar da ta dace, in ce masa shafin yana da 'yar matsala ana kan gyarawa. Mutane da yawa sun gode mini, har ana cewa surukin Hedimasta akwai hannu. Na saba da hakan har na daina jin nauyinsa. Ban taɓa tunanin wanda ba ya tambaya ba.

Akwai wata malama a rukunin da take kula da ɗakin kwamfuta na wata makarantar sakandare. Mai Goma Sha Huɗu muke ce mata, don yawan kwamfutocin da ta kawo ke nan. Da ƙyar ta shawo kan shugaban makarantar ya yarda a bar su suna lissafi idan an tashi darasi. Makarantar ba ta da intanet tsayayye, sai ta riƙa kawo ɗan akwatin intanet ɗinta daga gida duk bayan mako biyu ko uku, ta tura amsoshin da suka taru, ta karɓo sabon aiki. Shekara guda tana cikinmu ba ta taɓa yin tambaya ko ɗaya ba. Irin mutanen nan ne da ke karanta takardar da ke cikin kwalin magani tun daga farko har ƙarshe.

Kwana goma da suka wuce aiki ya tsaya mata a wasu kwamfutocin. Ta buɗe shafi na shida, mai bayanin abin da za a yi idan aiki ya tsaya. Mataki na huɗu a shafin ya ce a rufe manhajar, a goge wata folda gaba ɗaya, a sake buɗewa. A tsohuwar manhaja tarkace ne kawai a cikin foldar. A sabuwar kuwa, a nan ake ajiye duk amsoshin da aka gama ba a kai ga turawa ba, da shaidar rajistar mutum. Na san da haka. Yana cikin rubutun da ke wayata, layi na bakwai.

Ta rubuto a zaure da rana tsaka, ba zagi, ba hayaniya. Ta ce ta karanta shafin sau biyu, ta duba ƙasa ta ga an tabbatar da shi a farkon watan nan, sannan ta bi kwamfutocin goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya ta goge foldar, har da waɗanda ba su tsaya ba, don kada su ma su tsaya. Aikin kwana goma sha tara ya tafi. Washegari ɗalibai suka shigo darasi suka tarar da saƙon kuskure a kan kowane allo, shugaban makaranta ya ce ta cire abin gaba ɗaya, kuma kada ta sake kawo masa maganar. Ta ce tana sanar da mu ne don kada wani ya faɗa. Gaskiya masu binciken ba su yi asara ba, za su tura wa wasu wannan aikin. Ita ce ta yi asara, da mutuncinta a gaban shugabanta.

Ina ofis na karanta saƙon. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na buɗe shafi na shida a take na cire mataki na huɗu, na gyara lambobin, ban gaya wa kowa ba. Na ɗauka ina kare na gaba ne. Awa biyu bayan haka wani a zaure ya ce ya duba shafin bai ga inda aka ce a goge komai ba, ko dai malama ta karanta wani wuri ne? Mutum biyu suka goya masa baya. Malamar ta fita daga zauren.

Da yamma Baba ya rubuto. Ya ce malama ba ta yi ƙarya ba, shi da hannunsa ya rubuta matakin nan, ya san shafukansa kamar yadda ya san sunayen 'ya'yansa. Ya ce sunansa ne a saman shafin, don haka laifinsa ne, yana neman gafararta da ta kowa. Daga nan bakuna suka buɗe. Wani da ake kira Injiniya ya ce dama an daɗe ana jin nauyin faɗa, irin wannan aiki ba na tsofaffi ba ne. Wasu suka fara kawo kura-kuran sauran shafukan, waɗanda duk na san da su. Baba ya ce a taron ƙarshen wata zai sauka daga shugabancin rukunin, kuma zai nemi a sauke shafukan duka. Bai ambace ni ba ko sau ɗaya, bai kuma ce komai a kan kwanan watan ba.

Mun je gidan ranar Lahadi. Tun daga ƙofa na ji wani abu ya ɓace, sai daga baya na gane fankar ce. Ya kashe kwamfutar, ya rufe ta da tawul. Shekara shida ban taɓa ganinta a kashe ba sai idan an ɗauke wuta. Ya amsa gaisuwata da fara'a, ya tambayi aiki, ya ɗauki ƙaramar jikarsa yana mata wasa. Bai tambaye ni ko na duba ba. Surukata ta ce mini a kicin kwana biyu ba ya cin abincin kirki.

Na gaya wa matata komai a hanyarmu ta komawa. Da muka isa gida ta ce ita ba za ta zama 'yar aike tsakanin mijinta da ubanta ba, wanda ya karɓi ambulan shi zai mayar da magana. Tun ranar tana ba ni abinci, tana amsa mini magana, amma na san bambancin.

Gwaggo, ina jin kunya, kuma ina jin tsoro. Idan na faɗa masa, yaya zai riƙa kallona bayan na dube shi sau ashirin da biyu na ce na duba? Idan na yi shiru, zai sauka da laifin da ba nasa ba, ya rufe abin da ya fi so tun da ya bar aji. Wani lokaci sai in ce in zauna in gyara shafukan duka a ɓoye, in roƙe shi ya zauna, a wuce wurin. Wani lokaci kuma sai raina ya ɓaci in ce ai shi ya fara, da bai kunyata ni a gaban iyali ba da duk haka ba ta faru ba. Me zan yi, kuma da wa zan fara? Kwana goma sha biyu suka rage.

Naki,
Mai Hatimi

*

Ɗana Mai Hatimi, na amsa gaisuwarka, kuma na gode da ka faɗi abin yadda yake ba ka yi wa kanka kwalliya ba.

Ni ban san kan kwamfuta ba, sai dai in buga wannan fili in tura. Amma na san kwanan wata. Ina duba shi a jikin kwalbar magani kafin in sha, kuma idan ya ce mini da saura, ba na zuwa neman wanda ya buga shi in tambaye shi ko da gaske yake. Haka malamar nan ta yi. Ta yi duk abin da ake so mai hankali ya yi: ta karanta, ta maimaita, ta duba ƙasa. Tsohon shafi da tsohon kwanan wata ba ya cutar da irinta, domin da ta ga shekara biyu ba a taɓa shi ba, da ta tambaya. Layin da kake sauyawa shi ya hana ta tambaya. Wannan ɓangaren naka ne kai kaɗai, kuma kai ma ka sani, shi ya sa ka ba ni labarin abokin aikinka.

Ba zan ce surukinka ba shi da nasa kason ba. Ya ba ka aiki, da ka yi aikin sai ya warware shi bai tambaye ka dalili ba, ya kuma yi maka gugar zana a gaban iyali. Bai kyauta ba, kuma na fahimci abin da ya ɗaure maka baki. Rukuninku ma yana da nasa. Mutum ɗari biyu sun jingina da shafi goma sha ɗaya, da yawansu sun ga kura-kurai, sun karɓi amsa ta bayan fage sun yi gaba, sai yanzu da aka samu wanda ya faɗi suka tuna da su. Amma ka lura da abu ɗaya. Baba ya gwada shafin a kwamfutarsa, ya ga nasa rubutun ne daidai, ya faɗi abin da ya gani. Kuskure ya yi. Kai ka san gaskiyar, ka rubuta akasinta. Ba ɗaya ba ne, kuma kada ka haɗa su a zama ɗaya idan ka je gabansa.

Yanzu ga abin da nake ganin ba ka so ka kalla. Kana tambayata yaya zai kalle ka idan ya sani. Ɗana, ya riga ya sani. Ya san mataki na huɗu yana nan, ya ga an ce babu shi, kuma ya san mutum ɗaya ya ba ambulan. Malamin lissafi ne, wannan ba lissafi mai wuya ba ne. Ya ɗauki laifin ne don kada a ci mutuncin mijin 'yarsa a gaban mutum ɗari biyu. Da ya daina tambayarka ko ka duba, ba mantuwa ya yi ba, ba ya so ya sa ka sake faɗar abin da ba haka ba. Saboda haka zuwanka ba zai ba shi sabon labari ba. Abin da bai sani ba shi ne ko za ka zo, da kuma dalilin da ya sa shafukansa suka gaza, domin har yanzu yana iya ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ta tsufa.

Ka fara da shi, kuma kada ka jira Lahadi. Ka je a ranar aiki, kai kaɗai, ba lokacin cin abinci ba. Matarka ta yi gaskiya, ka bar ta a gida. Ka faɗi naka tukuna, a taƙaice: kwanan watan, sau nawa, rubutun da ke wayarka, da matakin da ka cire. Kada ka ce “amma”. Idan ya yi faɗa, ka saurara. Idan ya yi shiru, ka jure shirun. Sai an gama wannan sannan ka fito da kwamfutarka, ka roƙe shi ya cire tawul ɗin, ku ajiye su gefe da gefe, ku bi shafi na uku tare. Ba sai ka ce masa an bar shi a baya ba, allon biyu za su faɗa masa. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana cewa ɗalibai su nuna yadda suka samo amsa zai karɓi abin da aka nuna masa. Da haka ya kamata ka fara tun shekara biyu da suka wuce.

Bayan shi sai malamar. Ka rubuta mata ita kaɗai, ka gaya mata kai ne mai sauya kwanan watan, kuma kai ne ka cire matakin har aka yi mata kallon wadda ba ta san abin da ta karanta ba. Wannan na biyun ina jin ya fi yi mata ciwo. Ka tambaye ta ko tana so rukunin ya rubuta wa shugabanta takarda cewa umarninku ta bi. Kada ka roƙe ta ta dawo. Idan ta dawo, alherinta ne. Sannan ka rubuta a zaure, layi huɗu ko biyar sun isa, ba kuka, ba dogon tarihi, kuma ba sai ka kawo maganar teburin cin abinci ba. Injiniya zai yi magana. Ka bar shi ya yi, sannan ka ba shi shafi ɗaya ya duba.

Shawarar da kake yi ta gyara komai a ɓoye, ka ajiye ta. Gyaran ɓoye ne ya kore muku malama. Abin da za ka yi yau, tun kafin ka ga kowa, shi ne ka cire layin kwanan watan daga shafukan duka, ka sa gargaɗi a saman kowanne cewa an rubuta shi ne don tsohuwar manhaja, kada a goge komai sai an tambaya. Ka sanar a zaure cewa ka yi hakan. Daga nan ku bi su ɗaya-ɗaya, ko shafi guda a mako ne, ku fara da waɗanda ke cewa a goge ko a cire wani abu. Rubutun da ke wayarka ka kwashe shi ka zuba a inda kowa zai gani. Nan gaba duk wanda ya tambaye ka abu, ka gyara shafin tukuna, sannan ka tura masa shafin. In ba haka ba za ku ci gaba da taimakon mai tambaya kuna cutar mai karatu.

Layin ƙasan nan kuma ku sake masa tsari. Ya faɗi wanda ya duba, da wace manhajar ya gwada, da ranar. Kada wanda ya rubuta shafi ya zama shi ne mai tabbatar da shi, ku ba sabon shiga ya bi matakan da hannunsa, inda ya tsaya nan ne gyara yake. Idan wata ya zo ba wanda ya samu dama, ku bar tsohon kwanan watan ya zauna. Ba abin kunya ba ne shafi ya nuna shekarunsa. Tsofaffin shafukan Baba kuwa kada ku jefar, ku ajiye su a gefe da sunansa, tunda akwai masu tsohuwar manhaja irinsa. A sababbin, kai ka kawo abin da ke kan allo, shi ya tsara matakan ya sa musu Hausa. Kai da bakinka ka ce ba wanda ya kai shi a wannan.

Ko zai sauka ko ba zai sauka ba, wannan nasa ne, kada ka matsa masa. Mai yiwuwa ya gaji da gaske. Abin da ke kanka shi ne ya yanke shawarar yana sane da cewa rubutunsa bai lalace don ya tsufa ba, manhaja ce ta sauya aka ɓoye masa. Ba zan yi maka alkawarin zai koma kallonka kamar da a mako ɗaya ba. Amma mutumin da ya tare maka zagi bai tambaye ka komai ba, ba mutumin da zai rufe maka ƙofa ba ne.

Ranar da kuka gama shafi na shida, bayan an gwada shi an ga ya yi, ka tura masa kwamfutar gabansa, shi ya rubuta kwanan watan da hannunsa. Allah ya ba ka ƙarfin gwiwa, ya ƙara wa Baba lafiyar ido, ya saka wa malama da alheri, ya sa ranar Lahadi mai zuwa ka ji ƙarar fankar nan tun daga bakin ƙofa.

Gwaggonku